Jim Thorpe da Dokar Wasan Sha'awa: An Ci Moriyar Ganga

A watan Janairun 1913 wata jarida ta garin Worcester, a jihar Massachusetts ta Amurka, ta fasa ƙwai. Ta ce Jim Thorpe, saurayin da ƙasar ke ji da shi saboda lambobin zinare biyu da ya ciyo a gasar Olamfik ta Stockholm wata shida kafin nan, ya taɓa buga besbol, wasan dukan ƙwallo da sanda, ana biyansa a wata ƙaramar ƙungiya ta jihar North Carolina. Cikin 'yan kwanaki AAU, hukumar Amurka mai kula da wasannin sha'awa, wato waɗanda ba a biyan ɗan wasa, ta yanke masa hukunci. Aka karɓe lambobin aka mayar da su Turai, kafin shekarar ta ƙare kuma kwamitin Olamfik na duniya ya goge sunansa daga cikin waɗanda suka yi nasara.

Wanda ya tashi yana kallon gasar Firimiya, yana jin irin albashin da ake zuba wa 'yan wasa duk mako, dole ya tambaya: to ina laifin? Mutum ya yi wasa an biya shi ladan guminsa, a wani wasa daban ma da bai shafi tsere da tsalle ba. Sai an koma filayen zari-ruga na jami'o'in Amurka na wancan zamanin, inda sunan Thorpe ya fara fita, da kuma makarantar da ta rene shi, kafin a gane yadda aka yi haka ta faru.

Zari-rugar Amurka a jami'a aka haife ta. Wasan farko tsakanin makarantu biyu an yi shi ranar 6 ga Nuwamban 1869, Rutgers ta doke Princeton da ci 6 da 4, kuma abin da suka buga ran nan ya fi kama da ƙwallon ƙafa. Walter Camp na jami'ar Yale ne ya yi ta sassaƙa dokokin daga 1880 har wasan ya ɗauki siffar da aka san shi da ita. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, su jeru suna fuskantar juna, a miƙa ƙwallo baya, mai riƙe da ita ya nemi hanyar kutsawa. Ana ba ƙungiya 'yan damarmaki ta ci wasu yadudduka na fili, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. A yau dama huɗu ce don cin yadi goma. Wanda ya kai ƙwallo bayan layin ƙarshe ya ci maki shida, wanda ya buga ta da ƙafa ta bi ta tsakanin sanduna ya ci uku. Kafin 1912 dama uku ce, kai ƙwallo gida kuma maki biyar.

Babu wata gasar ƙwararru ta a zo a gani a lokacin. Manyan ƙungiyoyi su ne Yale da Harvard da Princeton da Pennsylvania, makarantun 'ya'yan masu hannu da shuni na gabashin ƙasar. Dubun-dubatar mutane ke biyan kuɗin ƙofa, har Harvard ta gina katafaren fili na kankare a 1903. Wasan kuma na karya ƙashi ne. Ba hular kwano irin ta yanzu, wasu ma kai ba komai suke shiga, a dunƙule wuri ɗaya a yi ta turereniya da tattake juna. A kakar 1905 jaridu sun ƙirga matasa kusan ashirin da suka mutu a fili, har shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa ya ja musu kunne. Daga wannan rikicin aka kafa ƙungiyar da ta zama NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, aka kuma halatta jefa ƙwallo gaba a 1906 don wasan ya buɗe, cunkoso ya ragu.

Duk wannan kuɗin da ke shigowa, a ƙa'ida ko sisi bai kamata ya shiga aljihun ɗan wasa ba. Ƙa'idar daga Ingila ta zo, daga 'ya'yan manya da ke ganin mutumin kirki don sha'awa yake wasa, wanda ya karɓi lada kuwa ya zama ɗan ƙwadago. Ba su ma ɓoye manufar ba: dokar tseren kwale-kwale ta Ingila ta fito fili ta haramta wa leburori da masu sana'ar hannu shiga gasa, ko da ba su taɓa karɓar kwabo a kan wasa ba. Wa zai iya kwashe watanni yana atisaye ba albashi? Wanda ubansa ya tara. Dokar shinge ce, kuma an san waɗanda aka yi ta domin su tsaya a waje.

Jami'o'in Amurka sun karɓi dokar a baki, a aikace suka yi ta zagaye ta. A 1905 wata mujalla ta tona yadda kyaftin ɗin Yale, James Hogan, yake zaune a ɗaki na alfarma, ba ya biyan kuɗin makaranta, yana samun kamasho daga wani kamfanin taba kan sigarin da aka sayar a harabar jami'a, har hutu aka kai shi Kuba. Da bazara kuwa, lokacin dogon hutu, ɗaliban jami'a da yawa kan bazu cikin ƙananan ƙungiyoyin besbol su buga don kuɗi da sunan bogi, in an koma makaranta su dawo da sunansu na gaskiya a matsayin masu wasan sha'awa tsarkaka. Kowa ya sani, kowa ya kau da kai.

Makarantar Thorpe ba ta cikin waɗannan. Carlisle, a jihar Pennsylvania, makarantar kwana ce ta gwamnatin tarayya da wani hafsan soja, Richard Henry Pratt, ya buɗe a 1879 cikin wani tsohon barikin soja, don 'ya'yan 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa ke kira Indiyawa. Pratt bai yi rufa-rufa ba. A wani jawabi na 1892 ya ce abin da ake so shi ne a kashe Ba'indiyen da ke cikin yaro a ceci mutumin. Yaro na isowa a aske masa doguwar sumarsa, a tuɓe masa kayan gida a sa masa kaki, a ba shi sunan Turawa in ba shi da shi, a hana shi magana da harshen uwarsa. Rabin yini karatu, rabin yini koyon sana'a: ɗinki, ƙira, kafinta, aikin gona. Akwai kuma tsarin da ake tura ɗalibai gidajen Turawa manoma su yi aiki a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Dubban yara sun bi ta nan kafin a rufe ta a 1918, kuma an binne fiye da 180 a maƙabartar makarantar, waɗanda suka rasu ba su koma gida ba.

Irin wannan makaranta ce ta kafa ƙungiyar zari-ruga ta ce za ta kara da Harvard. Pratt ya ga talla ce: in yaransa suka doke 'ya'yan Turawa a wasan Turawa, cikin ladabi, ba naushi ba zagi, hujjarsa ta tsaya cewa ana iya "waye" da su. Yaran kuma da nasu dalilin. Fili ne kaɗai wurin da ɗan ƙabilar Lakota ko Ojibwe zai ɗaga Bature ya buga da ƙasa a tafa masa.

Kocinsu Glenn Warner, da aka fi sani da Pop Warner, mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da zafin baki. 'Yan wasansa ba su kai na manyan jami'o'i nauyi ba, kuma kusan duk wasanninsu a gidan wasu suke yi, don can kuɗin ƙofa yake. Sai ya koma ga sauri da dabara. A 1903, a gidan Harvard, da aka bugo musu ƙwallo suka taru wuri ɗaya, aka cusa ta cikin rigar Charles Dillon ta baya, kowa ya watse kamar shi ke ɗauke da ita. Dillon ya ruga hannu biyu a sake, 'yan Harvard na kauce masa, har ya kai gida. Harvard ta ci wasan da 12 da 11, amma labarin Carlisle aka yi ta bayarwa. Da aka halatta jefa ƙwallo gaba, manyan makarantu suka raina abin, Carlisle ta rungume shi. A 1907 ta ci wasa goma ta faɗi ɗaya, ta lallasa Pennsylvania 26 da 6, ta doke Harvard 23 da 15. Yawancin abin da mai kallon NFL, babbar gasar ƙwararru ta zari-rugar Amurka, ke gani yau na yaudara da jifa mai nisa, yaran nan na cikin waɗanda suka fara nuna zai yiwu.

Thorpe ya zo Carlisle a 1904. An haife shi a 1887 kusa da garin Prague, a yankin da daga baya ya zama jihar Oklahoma, ɗan ƙabilar Sac da Fox, mutanen jarumi Black Hawk. Mahaifiyarsa 'yar Potawatomi ce, sunansa na gida kuma Wa-Tho-Huk, wato Hanya Mai Haske. Tagwaye ne shi da Charlie, wanda ciwon huhu ya ɗauke suna 'yan shekara tara. Makaranta ba ta taɓa kwanta masa ba, ya sha gudowa gida a ƙafa, har uban ya tura shi Haskell can jihar Kansas don nisa ya hana shi. Uwar ta rasu, uban ma ya bi ta jim kaɗan bayan yaron ya isa Carlisle. Ya zama maraya yana ɗan shekara goma sha shida, aka tura shi aikin gona gidajen Turawa.

A 1907 ya zo wucewa ta inda 'yan tsalle ke atisaye, sanda ta kai inda ta gagare su, ya nemi a bar shi ya gwada. Da kayan aiki a jikinsa ya haye ƙafa biyar da inci tara. Warner ya ɗauke shi don tsere da tsalle, kuma da farko bai so ya bar shi ya shiga zari-ruga ba, kada a karya masa dukiya. Thorpe ya nace. A 1908 har Walter Camp ya sa shi a sahu na uku na jerin gwanayen ƙasa da yake fitarwa duk shekara.

Sai ya bar makaranta. A bazarar 1909 ya bi wasu abokansa 'yan Carlisle zuwa Rocky Mount a North Carolina, ya buga besbol a wata ƙaramar gasa ta gabashin jihar, ya sake komawa a 1910. Kuɗin ba wani abu ba ne, wasu ma sun ce bai wuce dala biyu a wasa ba. Abin da ya bambanta shi da ɗaliban jami'ar da ke gasar abu ɗaya ne: ya yi amfani da sunansa na gaskiya. Jaridun yankin sun yi ta buga "Thorpe" a sakamakon wasanni har kaka biyu. A riƙe wannan, don nan ne gizo ke saƙar.

Warner ya lallaso shi ya dawo a 1911, kuma shekaru biyun da suka biyo baya su ne suka sa har yau ake ambatonsa. Thorpe na gudu da ƙwallo, yana tare abokan gaba, yana bugun nesa, yana bugun sanduna, don a lokacin mutum ɗaya ke yin hari da tsaro, ba a fita hutu. Ranar 11 ga Nuwamban 1911 suka je gidan Harvard. Kocin Harvard ya raina su har ya fara da 'yan benci. Thorpe na fama da ciwon ƙafa, an naɗe ta da bandeji, da wannan ƙafar ya zura huɗu ta tsakanin sanduna, ɗaya daga kusan tsakiyar fili. Ko da aka sako manyan 'yan wasan Harvard a ƙarshe, bakin alƙalami ya bushe. Carlisle 18, Harvard 15, maki 13 daga ƙafar Thorpe. Ana yawan cewa shi ya ci duka 18 ɗin, amma abokinsa Alex Arcasa ne ya kai ƙwallo gida, kuma bai kamata a cinye masa haƙƙi don a ƙara wa labari gishiri ba. Sun gama kakar da nasara 11 da faɗuwa ɗaya, Camp ya ɗaga Thorpe zuwa sahun farko.

Bazara ta gaba ya hau jirgin ruwa zuwa Suwidin. Ya shiga gasar wasanni biyar, ya zo na ɗaya a huɗu daga ciki: dogon tsalle, tseren mita 200, jifan faifai da tseren mita 1500. Ya shiga ta wasanni goma, wadda bai saba da ita ba, ya tara maki 8,412, ya ba Hugo Wieslander na Suwidin da ya zo na biyu tazarar kusan maki 700. Akwai hotonsa tsaye da takalma waɗanda ba ƙafa ɗaya ba, da safa biyu a ƙafa guda don ɗayan ya yi masa yawa, bayan nasa sun ɓace ana tsakiyar gasa. Ana ba da labarin cewa Sarki Gustav na Biyar, da yake miƙa masa kyauta, ya ce masa shi ne ɗan wasa mafi girma a duniya. Da ya dawo aka zagaya da shi titunan New York cikin buɗaɗɗiyar mota. Sai bayan shekara goma sha biyu, a 1924, Amurka ta yi dokar da ta ba dukkan 'yan asalin ƙasar matsayin 'yan ƙasa.

Wani abu da ke ba ni haushi a yadda ake ba da labarinsa shi ne tatsuniyar cewa ba ya atisaye, wai a cikin jirgi ma kwanciya ya yi ta yi yayin da sauran ke gumi. Akwai hotunansa yana gudu a saman jirgin. Tatsuniyar ta yi wa Turawan lokacin daɗi ne saboda ta ba su mafita: in Ba'indiye ya fi 'ya'yansu, to baiwar daji ce, ba aiki da lissafi ba. Yabo ne mai ɗauke da raini a cikinsa.

Bai huta ba ya koma zari-ruga. A kakar 1912 ya kai ƙwallo gida sau 25, ya tara maki 198, Carlisle ta ci wasa 12, ta faɗi ɗaya, ta yi kunnen doki ɗaya. Wasan da ya fi nauyi shi ne na 9 ga Nuwamba a West Point, makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka. Shekara 22 kacal da kisan kiyashin Wounded Knee, inda sojan Amurka suka hallaka 'yan Lakota maza da mata da yara a 1890. Cikin 'yan Carlisle akwai waɗanda iyayensu da kakanninsu suka yi yaƙi da wannan rundunar, kuma ana cewa Warner ya tuna musu da haka kafin su fita, ko da yake ba sai an tuna musu ba. Suka ci 27 da 6. Cikin waɗanda suka sha ƙasa ran nan akwai wani ɗalibin soja mai suna Dwight Eisenhower, wanda daga baya ya jagoranci dakarun ƙawance a Turai ya kuma shugabanci Amurka.

Wata biyu bayan haka labarin Worcester ya fito.

Abin da ya biyo baya shi ya fi komai nuna yadda tsarin yake. Warner da shugaban makarantar, Moses Friedman, suka ce ba su da masaniya. Da wuya hankali ya ɗauka. Koci ya rasa tauraronsa shekara biyu, yaransa ne suka tafi da shi, jaridu na buga sunansa, a ce bai san inda ya shiga ba? James Sullivan, babban jami'in AAU da kwamitin Olamfik na Amurka, shi ma ya nuna mamakinsa. Aka fito da wasiƙa da sa hannun Thorpe, wadda masana tarihi da yawa ke ganin Warner da Friedman ne suka tsara ta. A ciki ya amsa laifi, ya roƙi a yi masa uzuri don shi ɗan makaranta ne Ba'indiye da bai san irin waɗannan abubuwa ba, ya ce ya yi abin da ya ga ɗaliban jami'a da dama na yi ne, sai dai su ba su yi da sunansu ba. Wasiƙar ta wanke manya tas, ta ɗora komai a kan jahilcin yaro. Jimlar nan ta ƙarshe kuwa, da an bi ta da gaske, da ta rushe rabin ƙungiyoyin jami'o'in gabas. Ba wanda ya bi.

Ga kuma abin da aka binne. Dokar gasar Stockholm ta ce duk mai ƙorafi kan cancantar ɗan wasa ya kawo cikin kwana 30 da rufe gasa. Wannan ya zo bayan wata shida. A bisa dokar da suke iƙirarin karewa, ba su da hurumin taɓa lambobin. Ba Suwidin ce ta kai ƙara ba, jami'an Amurka ne da kansu suka yi gaggawar miƙa shi don su tsira da mutuncinsu a idon Turai. Da ɗan Yale ne mai uba lauya, da an tuna da kwana talatin ɗin nan tun ran farko.

Carlisle kanta ba ta daɗe ba. Ɗalibai, ƙarƙashin jagorancin Gus Welch, abokin wasan Thorpe, suka rubuta koke, majalisar dokokin ƙasa ta yi bincike a 1914. Aka gano dūka da yunwa a ɗakunan kwana, aka gano asusun wasanni na tara maƙudan kuɗi a hannun Warner, ana ba 'yan ƙwallo kuɗi da kaya da masauki na daban. Wato makarantar da ta ce ta kaɗu da jin yaronta ya karɓi 'yan daloli a North Carolina, ita da kanta tana biyan 'yan wasa ta bayan gida. An sallami Friedman. Warner ya tattara ya koma jami'ar Pittsburgh a 1915, ya ci gaba da cin kofuna, har yau akwai gasar yara ta zari-ruga da ke ɗauke da sunansa.

Thorpe ya shiga wasan kuɗi gadan-gadan tunda an riga an kira shi da sunan. Ya sa hannu da New York Giants ta besbol a 1913, ya yi kaka shida a babbar gasa ba tare da ya yi fice sosai ba, sai a shekararsa ta ƙarshe, 1919, da hannunsa ya faɗa. A zari-ruga kuwa ya koma Canton Bulldogs ta jihar Ohio a 1915, ana ba shi dala 250 kowane wasa, kuɗin da mutane suka ce zai karya ƙungiyar. Sai ga 'yan kallo sun ninka. Canton ta zama zakara a 1916 da 1917 da 1919. A watan Satumban 1920 masu ƙungiyoyi suka taru a wani shagon sayar da motoci a Canton suka kafa gasar da aka sa wa suna NFL a 1922, suka naɗa Thorpe shugabanta na farko. Sunansa suke so a saman takarda, bayan shekara ɗaya suka sauya shi da Joe Carr, manajan ƙungiyar Columbus. Gasar da ta fi kowace kuɗi a duniyar wasanni a yau da sunansa ta fara jan jama'a.

Daga nan sai gangara. A 1922 da 1923 ya jagoranci Oorang Indians, ƙungiyar 'yan asalin ƙasa zalla da wani mai kiwon karnuka ya kafa a ƙauyen LaRue don tallar karnukansa. Lokacin hutun rabin lokaci 'yan wasan kan sa gashin tsuntsu su yi rawa su nuna dabarun karnuka. Mutanen da aka aske a Carlisle don su daina zama Indiyawa, yanzu ana biyansu su yi wasan kwaikwayon Indiyawa. Ya buga wasansa na ƙarshe a 1928 yana da shekara 41. Karayar tattalin arziki ta same shi ba ajiya. Ya yi haƙan rami a Los Angeles, ya yi gadi, ya riƙa fitowa a finafinan kaboyi cikin taron da ba a ambaton sunansu, giya kuma ta ci ƙarfinsa ta raba shi da aure biyu. Da Olamfik ta zo Los Angeles a 1932 ba shi da kuɗin tikiti, sai mataimakin shugaban ƙasa Charles Curtis, wanda shi ma yana da jinin ƙabilar Kaw, ya gayyace shi ya zauna kusa da shi. A 1950 'yan jaridar wasanni suka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Amurka na rabin farko na ƙarnin. Shekara ɗaya bayan haka aka yi masa aikin ciwon daji a leɓe a matsayin marar galihu. Ya rasu ranar 28 ga Maris 1953 a Lomita, jihar Kalifoniya.

Maganar lambobin ta daɗe ba ta motsa ba, kuma akwai dalili. Avery Brundage, wanda ya shugabanci kwamitin Olamfik na duniya daga 1952 zuwa 1972, shi ne babban limamin dokar wasan sha'awa, kuma yana cikin waɗanda Thorpe ya bari a baya a Stockholm, inda ya zo na shida a gasar wasanni biyar. Duk roƙon da aka kai masa ya yi fatali da shi. Ba sai an ce hassada ce ba, aƙidarsa kaɗai ta isa, amma mutum na da damar ya yi tunaninsa. Sai a 1982, bayan wasu masu bincike biyu, Robert Wheeler da Florence Ridlon, sun zaƙulo littafin dokokin 1912 mai ɗauke da sharaɗin kwana 30, kwamitin ya sauko. A Janairun 1983 aka ba 'ya'yansa kwafin lambobin, amma aka rubuta shi a matsayin wanda ya yi tarayya a nasara da Wieslander da Ferdinand Bie na Norwe, mutanen da ya doke a fili. An gyara wannan ranar 15 ga Yulin 2022, shekara 110 cif da nasararsa, aka mayar da shi zakara shi kaɗai. Kafin nan dokar da aka hukunta shi da ita ta daɗe da mutuwa: ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando na Amurka masu miliyoyin daloli sun ci zinare a Barcelona a 1992, daga 2021 kuma NCAA ta bar ɗaliban jami'a su karɓi kuɗin talla da sunansu.

Gawarsa ce har yanzu ba ta koma gida ba. Ana cikin yi masa al'adun jana'iza na Sac da Fox a Oklahoma, matarsa ta uku, Patricia, ta zo ta ɗauke akwatin. Gwamnan jihar ya ƙi amincewa da kuɗin gina masa hubbare, sai ta shiga neman garin da zai karɓa. Ta samu wasu garuruwa biyu maƙwabta a Pennsylvania, Mauch Chunk da East Mauch Chunk, waɗanda kasuwar kwal ta mutu ta bar su, suna neman abin da zai jawo baƙi. Suka haɗe a 1954, suka sa wa sabon garin suna Jim Thorpe, suka binne shi a can, a garin da babu wata shaidar ya taɓa taka shi da rai. A 2010 ɗansa Jack ya kai ƙara yana neman a mayar da mahaifinsa ƙasar kakanninsa, 'yan'uwansa da ƙabilar suka ci gaba da shari'ar bayan rasuwarsa. Kotun tarayya ta ba su gaskiya a 2013, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2014, a 2015 kuma Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren maganar.